Ziyararmu Zuwa Giginya Da Hubbaren Shehu

Ni mutumin Abare ne, cikin ƙasar Anka, kuma ina cikin ɗalibai 18 na Ƙungiyar Tarihi waɗanda suka kai ziyarar yini ɗaya Sakkwato a zangon karatun da ya wuce. An umurce ni in rubuta abin da muka gano domin 'yan'uwana ɗalibai da ba su sami zuwa ba, da kuma iyayenmu waɗanda suka biya kuɗin mota. To, ga shi.

Mun tashi daga Anka da gari ya waye sarai, bisa sharaɗin lalle mu komo kafin magariba, don kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki. Muka bi ta Mayanci, muka hau babbar hanya, muka wuce Talata Mafara da Tureta, hantsi bai gama dubawa ba muka shiga birni.

Wurin da muka fara tsayawa shi ne filin wasa na Giginya. Da yawa daga cikin abokaina sun san sunan, amma a wajen ƙwallo kaɗai. Akwai kuma barikin soja da ke amsa wannan suna. Malaminmu na tarihi ya tara mu a inuwa, ya ce duk waɗannan sunaye an sa su ne don tunawa da yaƙin da aka yi a bayan ganuwar Sakkwato ran 15 ga Maris, 1903, kusa da wata bishiyar giginya.

Ga yadda abin ya faru. Turawan Ingila sun ci Kano ran 3 ga Fabrairu, 1903, sa'an nan suka nufo yamma ta cikin ƙasarmu ta Zamfara. A ƙarshen wannan wata suka yi karo da rundunar Kanawa kusa da Kwatarkwashi, inda Wazirin Kano Ahmadu ya rasu. A lokacin nan Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya bai fi wata biyar bisa gado ba, gama a Oktoba 1902 ya gaji Sarkin Musulmi Abdurrahman. Shawara ta rabu a fadarsa. Waɗansu suka ce a yi sulhu, waɗansu suka ce a yi yaƙi, waɗansu kuwa suka ce a yi hijira a bar wa Nasara ƙasar. Ba a gama daidaita baki ba abokan gaba suka iso.

Mutanen Sakkwato suka fito suka ja daga, Marafa Maiturare yana cikin manyan masu jan runduna. Suna da dawaki da masu da takubba da kibau, da 'yan bindigogi kaɗan. Turawa kuwa sun zo da igwa da bindiga mai ruwa, wadda ke zuba harsashi kamar ruwan sama. Shi ya sa yaƙin bai kai tsakar rana ba. Dawaki ba su ko sami kusantar sahun soja ba. Amma masu tsaron tutar Sarkin Musulmi suka ƙi gudu. In wannan ya faɗi, wancan ya ɗauka, har suka ƙare a gindinta.

Akwai wani abu da malam ya faɗa wanda ya sa muka yi tsit. Ya ce Turawan da ke cikin wannan runduna 'yan kaɗan ne, hafsoshi kawai. Sojojin da suka riƙe bindigogin baƙar fata ne, kuma da yawansu Hausawa ne da aka ɗauka aikin soja don albashi. Watau wanda ya harba da wanda aka harba, mai yiwuwa harshe ɗaya suke ji. A ganina wannan ya fi adadin igwa cancantar a sa shi cikin jarrabawa.

Daga nan muka shiga tsohon birni zuwa Hubbare, inda kabarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake. Shehu ya taso daga Sifawa ya zauna Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817, aka binne shi cikin gidansa. 'Yarsa Nana Asma'u ma nan kusa aka binne ta. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, wanda ya rasu a 1837, kabarinsa yana Wurno. Mu mutanen Zamfara muna da rabo cikin wannan tarihi, don Shehu ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasarmu tun kafin jihadi.

Bambancin wuraren nan biyu ya ba ni mamaki. A Giginya sai da aka ba mu labari kafin mu san an taɓa zub da jini. A Hubbare kuwa ba ka bukatar mai gaya maka. Tun daga ƙofa za ka tuɓe takalmi, ka ga jama'a suna shiga suna fita, tsofaffi da yara, masu sadaka da masu karɓa. Mata sun fi yawa. Wannan kuwa ba sabon abu ba ne, gama tun zamanin Nana Asma'u matan karkara, waɗanda ake kira 'yan taru, suke zuwa ƙarƙashin jagorancin jaji don neman ilmi, kuma bayan rasuwarta ba su daina zuwa ziyara ba. Malam ya gargaɗe mu kafin mu shiga, ya ce mu yi sallama, mu yi wa mamata addu'a, roƙo kuwa Allah kaɗai ake yi wa.

Bayan mun yi sallar azahar, sai wani ɗan ajinmu ya yi tambaya, ya ce, “Malam, bayan an ci Sakkwato, ina mutanen suka nufa?” Malam ya ce kashi biyu suka rabu. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da niyyar hijira, jama'a masu ɗimbin yawa suka bar gonaki da gidaje suka bi shi. Turawa suka bi sawunsa har Burmi, a ƙasar Gombe, inda ya yi shahada ran 27 ga Yuli, 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, suka kafa gari a bakin kogin Nilu, ana kiransa Mai Wurno, zuriyarsu na can har yau. Waziri Buhari kuwa ya komo birni ya yi sulhu, aka naɗa Attahiru na biyu ran 21 ga Maris. Daga baya Waziri ya rubuta takarda zuwa ga malamai yana bayyana hujjarsa, cewa ya tsaya ne don kada talakawan da ba su iya tafiya su rasa mai tsaya musu, addini kuma ya lalace.

Nan fa gardama ta kaure tsakaninmu, wa ya fi gaskiya, wanda ya tafi ko wanda ya zauna? Ba gardamar littafi ba ce a wurinmu. Kusan kowannenmu ya taɓa jin irinta a zauren gidansu da dare, sa'ad da labari ya zo cewa 'yan bindiga sun shiga ƙauyen da ke kusa. Wani uba ya ce a kwashe iyali a tafi Anka ko Gusau, wani ya ce in an tafi wa zai nome gona, wa zai dubi tsofaffi? Ni dai na fi karkata wajen Waziri, ko da yake ban iya zargin wanda ya ɗauki 'ya'yansa ya gudu ba. Malam bai yanke mana hukunci ba.

Muna shirin shiga mota sai wata tsohuwa da ke zaune bakin ƙofar Hubbare ta ji muna ambaton Anka. Ta yafuto ni, na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, “Ɗan nan, daga wane gari?” Na ce, “Abare, Inna.” Ashe ita ma daga wani ƙauye take a yankin Bukkuyum, shekararta uku ke nan a Sakkwato wurin ɗan ƙanenta. Ta tambaye ni ko an sami ruwa bana, ko gero ya yi kyau, ko kasuwar garinsu na ci. Na gaya mata abin da na sani. Na ba ta ragowar kuɗin abincina, ta ƙi karɓa, ta ce in sayi fensir. Direba ya yi ta danna oda, don ƙarfe biyu da rabi ta gota.