Yadda Ake Jinyar Hawainiyar Gida Idan Ta Kamu da Ciwon Ido

Hawainiya mai lafiya ba ta rufe ido da rana. Tun daga fitowar rana har faɗuwarta idanunta na yawo, ɗaya na duban gaba ɗaya na duban baya, kowanne da harkarsa. Saboda haka duk wanda ya iske tasa a kan reshe da hantsi ta runtse ido ɗaya, ko duka biyun, to ya san akwai matsala, kuma matsalar ta kwana biyu tana ci. Dabba ce mai ɓoye rauninta, don a daji wadda ta nuna kasala ita tsuntsu ko maciji ke fara ɗauka.

A ƙasar Hausa kiwon hawainiya baƙon abu ne. Mutane da yawa ma tsoronta suke, suna zaton tana da dafi, alhali ba ta da shi. Amma a Turai da Amurka da Japan sana'a ce babba, da shagunanta da likitocinta. Cikin nau'o'i kusan 200 da ake da su a duniya, uku ne suka fi shiga gidaje: mai tuluwar kai ta Yaman da kudu maso yammacin Saudiyya, da mai launuka masu haske ta Madagaska, da mai ƙaho uku ta tsaunukan Kenya da Tanzaniya. Akwai kuma ta Afirka ta Yamma, wadda aka daɗe ana kamawa a daji a Togo da Benin da Gana ana fitar da ita waje a ƙarƙashin dokokin yarjejeniyar cinikin namun daji ta CITES ta 1973. Irin wannan kamun daji ya fi wuyar riƙo, domin yakan iso hannun mai saye a galabaice, ga ƙishi ga tsutsar ciki.

Idon nata kuwa ƙira ce ta daban. Fatar ido ta sama da ta ƙasa sun haɗe sun lulluɓe ƙwayar gaba ɗaya, sai ɗan ƙaramin rami a tsakiya da take gani ta cikinsa. Wannan rufin yana kare ido, amma kuma duk abin da ya faɗa ciki, ƙura ce ko guntun ganye ko ɓarɓashin saɓa, fitarsa sai da wahala. Da idon take auna nisan ƙwaro kafin ta harba harshenta, wanda kan kai ninkin tsawon jikinta biyu. Ido ya lalace, harbi ya kuskure, sai yunwa ta biyo baya. Shi ya sa ciwon da zai zama ƙaramin abu ga kyanwa yake iya kashe hawainiya.

Aikin farko kallo ne, ba taɓawa ba. Mai kiwo yakan ja baya ya zauna inda ba za ta tsargu ba, ya lura da abubuwa kaɗan. Ido ɗaya ne ko biyu? A kumbure yake ko ya faɗa ciki? Akwai kwantsa, ko ruwa na zuba? Tana goga shi a jikin reshe? Tana buɗe baki tana numfashi da ƙyar, ko akwai yauƙi a bakinta? Kowace amsa tana nuna hanya. Ido ɗaya da ake ta gogawa yawanci wani abu ne ya shiga, ko rauni. Idanu biyu da suka rufe a hankali cikin makonni sun fi nuna matsalar abinci ko ta fitila. Idanun da suka zurma ciki alamar ƙarancin ruwa ce ko doguwar cuta. Kumburi mai tauri a gefe guda kuwa ƙurji ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Yana da kyau a ɗauki hoto da waya kullum a lokaci ɗaya, a kuma ɗora ta a kan sikelin kicin a rubuta nauyinta, domin babban namijin ta Yaman kansa bai fi giram 100 zuwa 200 ba, kuma ramar giram goma a jikin irin wannan dabba ba wasa ba ce.

Akwai abu ɗaya da ke tayar wa sabon mai kiwo hankali a banza. Wani lokaci hawainiya takan tura idonta waje ya yi bul, ta jujjuya shi cikin fatar, ta mayar. Wanka take yi wa idon. Idan ta gama ta buɗe ta ci gaba da kallon duniya, babu komai.

Daga nan sai ruwa. A daji ruwan sama da raɓa ne ke wanke mata ido, kuma su take lasa a jikin ganye, don galibi ba ta kula ruwan da ke zaune a kwano. Don haka taimakon farko shi ne a yi mata ruwan sama na ƙarya. Ana zuba ruwa mai tsabta, mai ɗan ɗumi kaɗan, a gorar feshi wadda ba a taɓa zuba sabulu ko maganin ƙwari a ciki ba, a fesa sama da ita yadda zai sauko mata a hankali, ba a fuska kai tsaye ba. Feshin daƙiƙa goma ba ya komai. Sai an daɗe, minti biyar ko fiye, kafin ta saki jiki ta fara haɗiya tana juya idon. Sau biyu ko uku a rana, a bar kejin ya bushe a tsakani. Sau da yawa wannan kaɗai ke fitar da abin da ya maƙale cikin kwana ɗaya ko biyu.

Idan bai fita ba, ana iya ɗiga ruwan gishirin asibiti, wato salin mai kashi 0.9 cikin ɗari, wanda ake sayarwa a rufe a kantin magani. Ana zuƙarsa a sabon sirinji marar allura, a ɗiga a bakin ramin idon ba tare da sirinjin ya taɓa shi ba. Iyakar abin da hannun gida ya kamata ya yi ke nan. Ba a buɗe fatar da tsinke ko auduga. Ba a sa kwalli, ba a sa zuma, ba a sa nono. Ba a kuma ɗiga maganin idon mutane da ya rage a gida, musamman mai sinadarin siteroyid, domin idan akwai gyambo a fuskar ƙwayar idon, siteroyid yana hana shi warkewa, yana kuma buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya har idon ya huje.

Yayin da ake wannan, sai a juya ga kejin, domin a nan yawancin ciwon yake farawa. Fitila ce abin dubawa na farko. Hawainiyar da ke cikin ɗaki tana buƙatar hasken UVB don jikinta ya haɗa bitamin D3 ya riƙe kalsiyam, kuma gilashin taga yana tare wannan hasken. Amma shi ma idan ya yi yawa, ko fitilar ta yi kusa, yana ƙona fuskar ido. A shekarun 2000 likitar dabbobi Frances Baines ta Birtaniya da abokan aikinta sun auna fitilu da dama, suka gano wasu ƙananan ƙwayaye da ke fitar da haske mai cutarwa, wanda ya sa dabbobi masu jan ciki suka riƙa rufe ido da kumburi. Saboda haka idan ciwon ya fara kwanaki kaɗan bayan an sa sabuwar fitila, a kashe ta a gani. Masu kiwo sun fi amincewa da doguwar fitila irin T5, a ɗora ta a saman ragar keji, a bar tazarar da kamfanin ya rubuta tsakaninta da reshen shan ɗumi, a kuma samar da ganye mai duhu inda dabbar za ta fake. Fitilar takan ci gaba da haske ga idon mutum bayan ƙarfin UVB ɗinta ya ragu, shi ya sa ake rubuta ranar da aka sa ta, a sauya bayan wata shida zuwa shekara.

Sai zafi da iska. Wurin shan ɗumi na ta Yaman bai kamata ya wuce digiri 29 zuwa 32 ba, kuma da dare tana son sanyi da duhu sosai. Kejin raga ya fi na gilashi, don iska mai tsayawa da laima ita ke kawo ciwon numfashi, wanda kan bi ta hanci ya hau ido. A cire ƙasa mai ƙura ko dusar katako daga gindin keji. A duba tsirran da ke ciki: dangin ceɗiya da durumi suna fitar da farin ruwa idan an karya su, kuma yana yi wa ido zafi, tumfafiya kuwa kada ma ta kusanci kejin. Wanda ke riƙon hawainiya a Kano ko Damagaram yana da ƙarin aiki lokacin hunturu, domin ƙura da bushewar iska su ne ainihin abin da wannan ido ba ya so.

Abinci shi ne inda maganar ta fi zurfi. Ƙarancin bitamin A na cikin manyan dalilan ciwon ido a hawainiyar gida. Idan ya yi ƙaranci, lallausar fatar da ke shimfiɗe cikin ido da hanyoyin hawaye takan yi kauri ta bushe, matattun ƙwayoyinta su taru su toshe hanya, ido ya kumbura, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Gary Ferguson na Jami'ar Texas Christian da abokan aikinsa sun wallafa bincike a 1996 kan hawainiyar Madagaska da aka yi kiwonta a ɗaki, inda suka nuna yadda ƙarancin wannan bitamin ke jawo cuta ya kuma rage haihuwa. Tushen matsalar shi ne gyaren da ake saya a shago ba shi da bitamin A na kirki, kuma hawainiyar da ta shekara tana cin gyare kaɗai tana cika ciki ne ba ta ƙoshi ba. Gyaran shi ne a ciyar da ƙwarin kafin a ciyar da ita: karas, kabewa, dankalin Hausa mai jan ciki da ganyaye masu duhun kore, kwana ɗaya ko biyu kafin a ba ta su. A sauya mata baki da fara, kyankyason kiwo da tsutsar siliki. A kuma barbaɗa wa ƙwarin garin bitamin na dabbobi masu jan ciki, wanda ke ɗauke da ainihin bitamin A, wato retinol, kamar sau biyu a wata, domin ba a dogara da cewa jikinta zai sarrafa na cikin karas yadda jikin mutum ke yi.

A nan ne kuma masu kyakkyawar niyya suke kashe dabbobinsu. Bitamin A yana taruwa a hanta, kuma yawansa guba ne: wuya ya kumbura, fata ta saɓule. Ƙwanson da ake ɗiga wa yara a lokacin rigakafi yana ɗauke da awo 100,000 ko 200,000, na yaro mai kilo goma ke nan, ba na dabbar da ba ta kai rubu'in kilo ba. Auna wannan magani aikin likita ne shi kaɗai.

Idan kwana biyu suka wuce ido bai buɗe ba, ko kuma tun farko akwai kumburi, mugunya, jini, wahalar numfashi ko ƙin cin abinci, ba a jira. Ana sa ta a kwali mai duhu da ramukan iska, da sanda a gicciye wadda za ta riƙe, a tafi da hotunan keji da kwalin fitila da gwangwanin bitamin. A nemi likitan da ya saba da dabbobi masu jan ciki. A arewacin Najeriya asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi da ke jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri su ne wuraren fara tambaya. Likita zai ɗiga wani rini mai suna fuloresin, wanda ke kama gyambon ido ya haska kore a ƙarƙashin shuɗin haske. Zai iya sa mata maganin barci ya wanke cikin fatar sosai, ya ɗebi kwantsar a kai ɗakin gwaji don a san irin ƙwayar cutar da maganin da ke kashe ta, ya duba baki da jini da kashi. Idan ƙurji ne, sai an tsaga. Mugunyar waɗannan dabbobi ba ruwa ba ce, daskararriya ce kamar cuku, ba ta fashewa ta tsiyaye da kanta, kuma magani ba ya ratsa ta.

Bayan an dawo gida sai haƙuri. Ana ba da maganin ɗigawa a lokutan da likita ya faɗa, har ƙarshen kwanakin, ko da idon ya buɗe tun a tsakiya. Ana barin ta ta hau hannu da kanta, ba a fizge ta daga reshe, don ƙafafunta da wutsiyarta na iya jin rauni. A ɗiga, a mayar da ita, a ba ta wuri. Yawan ɗauka kansa ciwo ne gare ta. Tana zama ita kaɗai, nesa da kyanwa da hayaniyar yara da ganin wata hawainiya. A sauke rassan ƙasa kaɗan, a shimfiɗa tawul a gindi saboda faɗuwa. Wadda ba ta iya harbi ana kai mata ƙwaro mai laushi bakinta da ɗan hantsaki, ruwa kuma a ɗiga a kan leɓenta ta lasa, ba a tsarta mata cikin maƙogwaro, don ƙofar numfashinta tana nan a ƙasan baki kuma ruwa na iya wucewa huhu. Duk wanda ya taɓa ta ko kejinta ya wanke hannu da sabulu saboda ƙwayar salmonela.

Abin da ya shiga ido yakan warke cikin kwanaki, ƙarancin bitamin A kuwa sai an yi makonni kafin a ga sauyi. Wani lokaci idon ba ya dawowa, har likita ya yanke shawarar cire shi. Wannan ba ya nufin an rasa dabbar. A 1977 mai bincike Lindesay Harkness ta gwada hawainiyoyi da ƙananan tabarau, ta nuna cewa suna auna nisa ne ta hanyar daidaita ganin ido, ba sai sun haɗa biyun ba. Mai ido ɗaya tana iya ci gaba da farauta. Abin da take buƙata shi ne a ɗaure mata ƙoƙon abinci a wuri ɗaya ta ɓangaren idon mai gani, a daina sauya tsarin rassan kejin, a kuma riƙa tunkararta daga gefen da za ta ga mai zuwa.