Darasi na 14: Auna Haɗarin Tsananin Zafi

Karatu

A ranar 3 ga Afrilu, 2024, zafi ya kai digiri 48.5 a ma'aunin Salshiyos a garin Kayes na ƙasar Mali. Abin ya faɗo ne a tsakiyar bazara, cikin watan azumi, ga kuma yawan ɗauke wutar lantarki. A Bamako, asibitin Gabriel Touré ya ba da rahoton rasuwar mutum 102 cikin kwana huɗun farko na watan, alhali kuwa mutum 130 ne suka rasu a can cikin Afrilun 2023 baki ɗaya.

Shin wannan zafin bazara ne da aka saba, ko kuwa da hannun ɗan Adam a ciki? Domin gano amsa, masana kan ƙera duniya biyu a kwamfuta. Ta farko ita ce wadda muke ciki. Ta biyu kuwa ita ce duniyar da ba a cika samaniyarta da hayaƙin kwal da man fetur ba. Daga nan sai su ƙidaya sau nawa irin wannan zafi zai auku a kowacce. Da wannan dabara aka nuna a 2004 cewa ayyukan ɗan Adam sun ninka yiwuwar aukuwar zafin da ya hallaka fiye da mutum 70,000 a Turai a 2003. Haka kuma binciken 2024 ya nuna cewa sauyin yanayi ya ƙara wa zafin rana a Mali da Burkina Faso kimanin digiri 1.5, na dare kuwa digiri 2.

Sai dai ma'aunin zafi kaɗai ba ya bayyana girman haɗari. Dole mai bincike ya tambayi abu uku: yaya ƙarfin zafin yake, su wa yake samu, kuma wace kariya gare su? Tsohon da ke kwana a ɗaki mai rufin kwano, babu fanka, ba ɗaya yake da ma'aikacin ofis mai na'urar sanyaya ɗaki ba, ko da unguwarsu ɗaya. Zafin dare ma abin tsoro ne, domin yana hana jiki hucewa kafin wata ranar ta fito.

Amfanin wannan awo shi ne yin rigakafi. Bayan Faransa ta yi asarar kusan mutum 15,000 a watan Agustan 2003, sai ta kafa tsarin gargaɗi da kula da tsofaffi a 2004. A yankin Sahel kuwa, tashoshin auna yanayi ba su da yawa, kuma yawancin mace-mace ba a rubuta su. Haɗarin da ba a ƙidaya ba, da wuya hukuma ta ware masa kuɗi.

Kalmomi

bazara: lokacin zafi kafin saukar damina
ninka: mayar da abu biyunsa
hucewa: yin sanyi bayan zafi
rigakafi: ɗaukar mataki kafin cuta ta zo

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa ne suka tsananta halin da mutanen Mali suka shiga a Afrilun 2024?
2. Mene ne bambancin duniyoyi biyun da masana ke kwatantawa?
3. Rubuta jimla biyar a kan waɗanda zafi ya fi yi wa barazana a garinku.