Neman Gidan Haya a Texas ga Masu Son Jinsinsu

A taswirar zaɓen Amurka, Texas ja ce wur, launin jam'iyyar Republican, kuma jan nan ya daɗe: tun 1994 babu ɗan jam'iyyar Democrat da ya ci wata kujera da ake zaɓa a faɗin jihar. A 2022 ma jam'iyyar Republican ta jihar ta rubuta a kundin manufofinta cewa neman jinsi rayuwa ce da ta kauce wa ɗabi'a. Shi ya sa namijin da ke son namiji, ko macen da ke son mace, idan aiki ko karatu ya kai su can, gabansu kan faɗi tun ba su ɗaure kaya ba. Shawarata ta farko ita ce a naɗe taswirar nan a ajiye. Jiha ce mai mutum fiye da miliyan 30, kuma abin da zai hana ka barci ko ya bar ka ka yi minshari yana kusa da kai ƙwarai: dokar birnin da ka sauka, halin layinku, da mutumin da ke riƙe da makullin gidan.

Houston ta isa misali. A Disambar 2009 mutanen birnin suka zaɓi Annise Parker magajiyar gari, mace da ba ta taɓa ɓoye cewa mace ce abokiyar zamanta ba, suka sake zaɓenta har sau biyu. Majalisar birnin ta yi dokar hana wariya a 2014. Da aka kai dokar gaban jama'a a Nuwambar 2015, bayan an yi ta kamfe a kan wa zai shiga banɗakin mata, kusan kashi 61 cikin ɗari suka yi watsi da ita. Gari ɗaya ne ya yi abu biyun nan. Darasin ga mai neman gida shi ne ya raba fara'a da kariya. A unguwar Montrose za ka ga maza biyu riƙe da hannu a titin Westheimer, ko kallo ba su ishi kowa ba. Amma ranar da mai gida ya hana ka haya saboda abokin zamanka, fara'ar maƙwabta ba za ta tsaya maka a gaban hukuma ba.

To, me doka ta ce? Babu mai kama ka. A 1998 'yan sanda suka faɗa gidan John Lawrence a gefen Houston bisa rahoton ƙarya na cewa akwai mai bindiga, suka kama shi tare da Tyron Garner. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, wadda a 2003 ta rushe dokokin da suka haramta saduwar jinsi ɗaya a duk faɗin ƙasar. Auren jinsi ya halatta a 2015, kuma hukuncin da kotun ta yanke a 2020 ya hana korar mutum daga aiki saboda wannan dalili a ma'aikatar da ke da mutum 15 zuwa sama. Batun gida ne ke da rauni. Dokar tarayya ta 1968 da ta hana wariya a harkar gidaje ba ta ambaci masu son jinsinsu da suna ba, ana shigar da su ne ta hanyar fassara, fassarar kuwa tana bin wanda ke fadar White House. Ita jihar ba ta yi tata dokar ba. Birane ne suka toshe giɓin: Fort Worth a 2000, Dallas a 2002, San Antonio a 2013. Austin ta riga su, domin tun 1982 masu zaɓenta suka ƙi wani ƙuduri da zai ba masu gidaje damar yin wannan wariya. Sai dai a 2023 majalisar jihar ta yi dokar da ta rage wa birane ikon kafa nasu ƙa'idojin a fannoni da dama, don haka ka kira ofishin kula da adalci a harkar gidaje na birnin ka ji inda aka kwana.

Akwai wani tarko da baƙo ba ya gani. Adireshi zai iya cewa Dallas ko Austin alhali gidan yana wajen iyakar birnin. Highland Park da University Park garuruwa ne masu cin gashin kansu a tsakiyar Dallas, haka Bellaire da West University Place a cikin Houston. Tsallaka titi ɗaya kan fitar da kai daga inuwar doka. Ƙungiyar Human Rights Campaign tana fitar da jadawali kowace shekara tun 2012, inda take ba birane maki har ɗari. Yana da amfani, amma dokoki da manufofin hukuma yake aunawa, bai san halin tsohon da ke zaune a baranda yana lissafa masu shiga ɗakinka ba.

Unguwannin da aka sani ba ɓoyayyu ba ne. A Dallas akwai Oak Lawn, inda titin Cedar Springs ya tara mashaya da gidajen abinci, har da Round-Up Saloon, wurin da za ka ga ƙarti da malafar makiyaya da dogayen takalma suna taka rawar ƙauye biyu-biyu. A San Antonio titin Main ne, a Austin kuwa abin ya bazu ko'ina har ba a cika maganar unguwa guda ba. Matsalarsu duka ɗaya ce: tsada. Wuraren da masu son jinsinsu suka raya lokacin da kowa ke gudu sun zama na masu hannu da shuni, har bikinsu na shekara-shekara a Houston ya bar Montrose ya koma tsakiyar gari a 2015. Ni dai ban ga hikimar zuba rabin albashi a haya don kawai a kwana kusa da tutar bakan gizo ta masu son jinsinsu ba. Abin da ya fi shi ne ka zauna inda za ka iya isa can cikin sauƙi, saboda abin da kake buƙata a unguwar ya wuce shaƙatawa. Montrose Center, wadda aka kafa a 1978, da asibitocin Legacy a Houston, da Resource Center a Dallas, nan ne ake samun likitan da ba zai ɗaga gira ba, da gwaji, da mai ba da shawara, da labarin ɗakin da ake neman wanda zai shiga. Idan ba ka da mota, bas mai lamba 82 tana bin Westheimer daga tsakiyar Houston har can yamma, inda haya ta fi sauƙi.

Ranar duba gida, ku je tare. A gida Arewa abokai biyu su kama ɗaki guda ba abin magana ba ne, riƙe hannun aboki a hanya ma zumunci ne kawai. A can kuwa, da zarar maza biyu sun ce ɗakin kwana ɗaya suke so, an gama fahimta. Ma'aikaciyar ofishin haya za ta tambaya, ɗaki ɗaya ko biyu? Ka ce ɗaya, sannan ka dubi fuskarta. Wata za ta zaro makulli ta ce ku biyo ni, har ta nuna muku inda gado zai fi zama. Wata kuma sai ta koma kan kwamfuta, ta daɗe tana latse-latse, ta ɗago ta ce ashe an kama ɗakin da safen nan. In haka ta faru, ka rubuta rana da lokaci, ka sa wani ya kira bayan awa biyu ya tambayi ɗakin. Gara ka sha wannan kunyar a ofis da ka gano ta bayan ka sa hannu a yarjejeniyar wata goma sha biyu. Manyan kamfanonin gidaje sun fi sauƙin sha'ani, kuɗinka da tarihin biyan bashinka suka dame su. Mai gidan da ke zaune a ɓangare ɗaya yana ba da hayar ɗayan kuwa, dokar tarayya ta sassauta masa idan sassan ginin ba su wuce huɗu ba, sai ka auna shi da kanka. Sunayenku duka biyu su shiga takarda, don kada wata rana a ce ɗayanku baƙo ne da ya wuce wa'adi.

Ka koma unguwar da dare, ka sake komawa ranar Lahadi da hantsi. Allon siyasa a ƙofar gida ba ya faɗin komai da komai. Akwai 'yan mazan jiya da za su kawo maka abinci ranar tarewa ba su taɓa tambayarka komai ba. Garin jami'a kamar Denton ya fi girmansa sakin fuska, tsibirin Galveston ma haka. Amma ƙaramin garin karkara sai wanda ya riga ya san mutum a ciki. Wanda ya sauya jinsi kuma lissafinsa daban ne, domin dokokin jihar sun fi matsa masa: tun Agustan 2024 hukuma ta daina sauya jinsi a lasisin tuƙi. Masu niyyar ɗaukar riƙon yaro su ma su sani cewa dokar 2017 ta ba cibiyoyin addini damar ƙin su.

Saura maganar da ta fi shafar namu. Houston na cikin biranen da 'yan Najeriya suka fi yawa a Amurka, musamman kudu maso yamma, wajen Alief da titin Bissonnet. Nan za ka sami garin tuwo da daddawa da tsire, ga masallatai, ga wanda zai gaishe ka da harshenka. Baƙo ba ya rasa kewar waɗannan. Amma inda ɗan'uwa yake, nan idon gida yake, kuma hoto ɗaya a WhatsApp ya isa Kano ko Zariya kafin ka gama cin abinci. Ga wanda zai riƙa zuwa ganin gida, wannan ba wasa ba ne: dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, ban da hukuncin kotunan shari'a a jihohin Arewa. Dabarar da ta fi dacewa ita ce tazara ta daidai: inda za ka je cefane da Juma'a cikin rabin awa, amma ba inda matar ɗan garinku za ta hango wanda ya fito daga ɗakinka da asuba ba. Ka yi hattara da tayin ɗaki kyauta a gidan ɗan'uwa. Wanda ya ba ka masauki yana ganin yana da haƙƙin tambaya, kuma a al'adarmu yana da shi. Wanda kuma yake tunanin neman mafaka, ƙa'ida ita ce ya shigar da takarda cikin shekara guda da shigowarsa, kuma lauyan shige da fice zai nema, kada ya biye wa masu cika fom a bayan shago.

Kuɗi kuwa, yawancin ofisoshin haya suna son abin da kake samu a wata ya ninka hayar sau uku. Sabon zuwa da ba shi da tarihin bashi sai ya kawo mai tsaya masa ko ya ƙara kuɗin ajiya, wanda doka ta ce a mayar masa cikin kwana 30 bayan ya tashi, muddin ya bar sabon adireshinsa a rubuce. Ka kunna na'urar sanyaya ɗaki ka ji da kunnenka, don zafin Agusta a Texas ba ya raga wa ko ɗan Sakkwato. A Houston kuma ka tambayi labarin ruwa: tun 2022 wajibi ne mai gida ya sanar da kai a rubuce idan gidan yana yankin ambaliya ko ruwa ya shige shi cikin shekara biyar da suka wuce. Idan akwai zaɓi, ka ɗauki hawa na biyu.