Zurfin Fayyacewa a Babbar Kyamara Marar Nauyi

Manufar wannan maƙala ita ce yin bayani a kan yadda ake saita hoto a babbar kyamara, wato irin mai zugazugi wadda mai hoto kan lulluɓa da baƙin ƙyalle a bayanta, mai ɗaukar fim fale-fale na inci 4 da 5 ko 8 da 10. Abin da za mu kira zurfin fayyacewa a nan shi ne tazarar da ke tsakanin abu mafi kusa da abu mafi nisa da suka fito sarai a cikin hoto.

Wannan zurfi kuwa ƙaranci gare shi a babbar kyamara, domin idonta dogo ne. Ido na yau da kullum ga fim mai inci 4 da 5 yakan kai milimita 150, alhali na ƙaramar kyamara 50 ne. Saboda haka zurfin da ƙarama ke samu a f/8, babba sai ta kusanci f/32 kafin ta same shi. Ba mamaki da Ansel Adams da Edward Weston da abokansu suka raɗa wa ƙungiyar da suka kafa a Amurka cikin 1932 suna f/64.

To, amma tsuke ƙofar haske ba kyauta ba ne. Hoton da zai ɗauku cikin kashi ɗaya bisa takwas na daƙiƙa a f/22, sai ya ci daƙiƙa guda cur a f/64. A nan ne kyamara marar nauyi, irin su Tachihara ta Japan da Intrepid ta Ingila, takan nuna rauninta: zugazuginta na tare iska, jikinta kuma ba ya da nauyin da zai danne girgiza. Ga shi kuma haske kan watsu idan ya bi ta ƙofa mai ƙunci ainun, har kaifin hoton duka ya ragu.

A ganinmu, mafita ita ce karkatar da ido. Theodor Scheimpflug, hafsan soja ɗan Austiriya, ya yi wa wannan ƙa'ida rajista a 1904: idan an sunkuyar da ido, shimfiɗar da ke fita sarai ita ma takan kwanta, har ta haɗu da shimfiɗar ido da ta fim a layi ɗaya. Alal misali, fili shimfiɗaɗɗe tun daga gaban mai hoto har iyakar gani zai iya fita sarai da ɗan sunkuyarwa kaɗan. Sai dai in akwai doguwar bishiya a kusa, kanta zai dushe.

Wajen aiki, a buɗe ƙofa gaba ɗaya, a duba gilashin baya, inda hoton ke tsaye kai ƙasa, da madubin ƙara girma. A saita abu mafi nisa, a lura da inda ido ya tsaya. A saita mafi kusa, a auna tsakani, sannan a ajiye ido a tsakiyar wuraren biyu. Tazarar milimita 4 na bukatar kimanin f/22. A ɗaure kusoshi kafin a zura fim, domin turawar hannu kaɗai na iya gusar da bayan kyamara marar nauyi.