Dodon Koɗin Ruwa da Sauyin Zafi a Fadamun Taba: Nazari kan Dabarun Rayuwarsa da Alaƙarsu da Tsargiya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ƙananan dodannin koɗi na ruwan daɗi suke jure sanyin hunturu da zafin bazara a irin ruwayen da ake samu a Taba da sauran ƙauyukan Kudan, Maƙarfi da Ikara. An yi amfani da binciken da masana suka gudanar a ƙasashen Kano da Zazzau da wasu sassan Afirka, domin nuna cewa zafin ruwa yana da hannu wajen tsara lokacin da tsargiya take kama mutane.

1.0 Gabatarwa

Yankin Taba ƙasar fadama ce. Rake da tumatir da sauran kayan lambu su ne dukiyar manoman Kudan, Maƙarfi da Ikara, kuma noman rani ba ya yiwuwa sai an shiga ruwa. Mai ban ruwa yana yini a kwalbati ko bakin rafi, yara suna wanka a kududdufi, makiyayi kuma yana gangaro da shanunsa mashaya. A cikin waɗannan ruwaye ne dodon koɗi yake zaune, maƙale da ganyen bado ko ruɓaɓɓen kara. Akasarinsa bai kai girman ƙwayar gyaɗa biyu ba, shi ya sa ba a cika kula da shi ba.

Dangi uku ne suka fi muhimmanci ga lafiya a arewacin Najeriya. Bulinus, wanda bakin ƙoƙonsa yake buɗewa ta hagu, shi ne mai ɗaukar tsutsar tsargiyar mafitsara, wato mai sa fitsarin jini. Biomphalaria pfeifferi yana da ƙoƙo shimfiɗaɗɗe mai naɗi kamar gammo, kuma shi yake ɗaukar tsutsar tsargiyar hanji. Na uku, Lymnaea natalensis, yana ɗaukar tsutsar hantar shanu da tumaki. Theodor Bilharz ne ya gano tsutsar tsargiya a Alƙahira a 1851, amma sai a 1915 Robert Leiper ya tabbatar, a Masar ɗin dai, cewa dole ta bi ta jikin waɗannan dodanni kafin ta iya shiga mutum.

2.0 Jiki mai bin zafin ruwa

Dodon koɗi ba ya samar wa kansa ɗumi kamar mutum ko akuya. Zafin jikinsa shi ne zafin ruwan da yake ciki, don haka cinsa da girmansa da yawan ƙwansa duk suna tashi ko sauka tare da ruwan. Gwajin da C. J. Shiff ya wallafa a 1964 kan Bulinus globosus a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe ya nuna cewa yaɗuwarsa ta fi sauri a wajajen digiri 25. Idan ruwa ya yi sanyi ƙasa da digiri 20, girma yakan yi jinkiri, ƙwai kuma ya daɗe bai ƙyanƙyashe ba. Idan ya haura digiri 30 ya daɗe a haka, ƙwai yakan ragu, mutuwa ta yawaita. Biomphalaria ya fi Bulinus rauni ta wannan fuska, kamar yadda binciken C. C. Appleton ya nuna a Afirka ta Kudu a 1977, kuma wannan yana daga cikin dalilan da suka sa aka fi samunsa a ruwa mai ɗorewa, mai inuwa ko mai ɗan gudu.

A ƙasar Zazzau ruwa guda yakan ratsa dukkan waɗannan matakai cikin shekara ɗaya. Daren hunturu a Disamba da Janairu yakan sanyaya kududdufi marar zurfi ƙwarai, sannan ranar Maris da Afirilu ta mai da shi kamar ruwan wanka.

3.0 Dabarun jurewa

Dabara mafi sauƙi ita ce sauya wuri. Ruwan da yake tsaye ba ya zama da zafi ɗaya daga sama har ƙasa. A lokacin sanyi dodon koɗi yakan hau kusa da saman ruwa inda rana take ɗumamawa, a lokacin zafi kuwa ya sauka ƙasa ko ya fake a ƙarƙashin ganye. Tazarar taki ɗaya ko biyu tana iya raba shi da mutuwa.

Zafi yana kawo wata matsala ta daban, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin da yawa. Lita ɗaya tana iya ɗaukar kimanin miligiram 9 a digiri 20, amma kimanin 7.5 kawai a digiri 30, alhali a lokacin ne jikin dabbar ya fi buƙatarta. Dangogin nan uku suna da wata jaka mai aikin huhu, sukan hau sama su shaƙi iska. Bulinus da Biomphalaria suna da ƙarin gata, domin jininsu ja ne mai ɗauke da himogulobin, wanda yake ba su damar zama a ruwan da ya gurɓace har kifi ya gaza.

Babbar jarrabawa ita ce ƙafewar ruwa. Duk wanda ya san gaiwa ya san yadda take shiga laka ta jira damina. Bulinus ma haka yake yi. Yakan nutse cikin taɓo ko ƙarƙashin busasshen ganye, ya janye jikinsa can cikin ƙoƙo, ya rufe baki da majina, ya rage numfashi da bugun zuciya, har tsawon watanni. Christine Betterton da abokan aikinta sun bi diddigin wannan barcin rani a Jihar Kano, suka wallafa sakamakonsu a 1988. Da yawa sukan mutu kafin ruwan fari, amma kaɗan da suka tsira sun isa. Kowane ɗaya mata-maza ne, yana iya yin barbara da kansa, saboda haka guda ɗaya tak yana iya sake cika kududdufi da zuriyarsa.

A nan ne aka samu abin da ya fi ba da mamaki, kuma a arewacin Najeriya aka tabbatar da shi. Wasu daga cikin Bulinus truncatus sukan girma ba tare da gaɓar namiji ba, wasu kuma da ita. Stephanie Schrag da Andrew Read a 1992, sannan tare da G. T. Ndifon a 1994, sun nuna cewa zafin ruwa a lokacin da dabbar take cikin ƙwai ko tana jaririya yana da tasiri a kan haka: sanyi yana ƙara yawan masu gaɓar, zafi yana rage su. Ke nan sanyin hunturu yana buɗe ƙofar cuɗanyar iri tsakanin dodanni, ɗumi kuma yana karkata su ga haihuwa ta kai da kai. Darasi ne da ya dace ɗaliban kimiyyar halittu a Samaru da Kano su sani, tun da a ruwayen ƙasarsu aka gano shi.

4.0 Abin da wannan yake nufi ga mai shiga ruwa

Tsutsar da take cikin dodon koɗi ita ma zafin ruwa take bi. A ruwa mai ɗumi takan kammala girma cikin mako 4 zuwa 6, a ruwa mai sanyi kuwa tana iya ɗaukar wata biyu ko fiye. 'Ya'yanta masu wutsiya sun fi fitowa da tsakar rana, tsakanin hantsi da azahar, su huda fatar duk wanda suka tarar. Abin takaici, wannan shi ne lokacin da yaro ya fi son faɗawa ruwa, kuma har yanzu akwai iyayen da suke ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar balaga. Sakacin yana da tsada, domin tsargiyar da ta daɗe tana lalata mafitsara da ƙoda.

Kududdufin da yake ƙafewa yana da hutu na dole, hatsarinsa ya fi yawa daga ƙarshen damina zuwa kaka. Dam da magudanar ban ruwa sun kawar da wannan hutu, domin suna ba dodon koɗi zurfin da zai guje wa zafi da ruwan da ba ya yankewa. Aikin binciken cututtuka na Malumfashi a shekarun 1970 ya mai da hankali kan tsargiya a irin wannan yanayi, haka ma T. W. Schillhorn van Veen ya nazarci Lymnaea da tsutsar hanta a kewayen Zariya, ya wallafa a 1980. Shanun da suke taruwa a fadama da rani suna cin ciyawar bakin ruwa wadda tsutsar take maƙalewa a jiki.

Saboda haka rabon maganin praziquantel a makarantu ya fi amfani idan an yi shi bayan lokacin da kamuwa ta yi yawa, lokacin da tsutsar ta girma a jikin yaro, domin maganin ba ya kashe ƙananan tsutsa sosai. Nome ciyawar bakin kwalbati yana hana dodon koɗi inuwa da abinci. Ruwan wanka da aka ɗebo daga rafi ko kududdufi kuma, idan aka ajiye shi a randa ko jarka kwana biyu cur, 'ya'yan tsutsar da suke ciki sukan mutu kafin a yi amfani da shi.