Allo ya yi baƙi, aka sallami yarinya

Wannan rubutu na masu shaguna da ofisoshi ne waɗanda ma'aikatansu ke shiga kwamfutar nesa su yi aiki, da kuma 'yan'uwana masu gyara. Wani aiki da aka kira ni a kansa kwanan baya ne ya sa ni rubuta shi, domin har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wani Alhaji ne mai sayar da magunguna a sari. Babban shagonsa yana cikin gari, sabarsa tana wani ɗaki a bayan kanta, manhajar lissafi da ta kaya duk a kanta suke. Ya buɗe reshe a wani gari, ya ɗauki wata yarinya tana shigar da ciniki, kuma ita kaɗai ce ke taɓa kwamfuta a reshen. Da safe za ta kunna VPN, ta buɗe Remote Desktop, ta shiga saba ta kama aiki. Wata da watanni lafiya lau. Sai aka ce kuɗin intanet na reshen ya yi yawa, aka sayo rawuta ta wani kamfanin waya aka maye gurbin tsohuwar. Daga ranar aiki ya lalace. Za ta sa kalmar sirri, saba ta karɓa, sannan allo ya yi baƙi ƙirin, ba abin da ke motsi sai kibiyar maus. Wani lokaci rabin hoton ya fito ya tsaya cak. Can sai a ce mata haɗi ya yanke.

Ta kira babban shago, aka ce mata: "Mu dai namu yana aiki." Gaskiya suka faɗa, domin su suna gini ɗaya da sabar, waya ce kawai tsakaninsu da ita. Amma wannan magana ita ce ta fara ɗora wa yarinyar laifi. Ta sayi littafi tana rubuta ciniki da hannu, tana zama har bayan magariba ko Allah zai sa ta samu shiga. Da wata ya ƙare, kayan da ke cikin manhaja ba su yi daidai da na kanta ba, tunda akwai cinikin da bai shiga ba.

Alhaji ya tura wani yaro mai gyaran waya da kwamfuta. Yaron ya ga baƙin allo ya ce sikirin ne ya mutu. Laftof ɗin da Windows ke buɗewa a kanta tas, ana kallon bidiyo a kanta, wai sikirinta ya mutu! Aka canza, aka cire kuɗin a albashinta, aka ce ita ta yar da ita. Matsala tana nan. Ya dawo ya ce bairos ne, ya yi wa laftof ɗin fomatin ba tare da ya tambayi ko akwai abin da za a kwafe ba. Yarinyar tana karatun ƙarshen mako, aikin kammala karatunta yana ciki, ya tafi. Matsala tana nan daram.

Daga nan ya nufi babban shago ya aikata abin da ya fi komai muni. Ya shiga rawuta ya buɗe ƙofa ta 3389, wadda Remote Desktop ke bi, ya miƙa ta ga intanet kai tsaye, ya kashe NLA mai tantance mutum kafin a buɗe masa shafin shiga, ya kashe katangar tsaron sabar, ya ce wa yarinyar ta daina kunna VPN. Hoto ya fito. Aka yaba masa, aka biya shi.

Ba a jima ba saba ta fara nauyi, har mutanen babban shago suka fara kuka. Asusun yarinyar kuma kullum sai a tarar an kulle shi, saboda wanda ya kafa sabar tun farko ya sa dokar kullewa in an yi ta kuskuren kalmar sirri, sunan asusun kuwa irin wanda kowa zai iya canka ne. Yaron ya ce wa Alhaji akwai wanda ke ƙoƙarin shiga da sunanta, lallai ita ta ba wani. Aka haɗa wannan da giɓin ƙarshen wata, aka sallame ta da zargin ha'inci.

Ni nauyin saba aka kira ni in duba, ba a ko ambaci yarinyar ba. Na buɗe Event Viewer, na ga lamba 4625, ta yunƙurin shiga da bai yi nasara ba, jere layi bayan layi, dare da rana, daga adireshin ƙasashen da Alhaji bai taɓa ciniki da su ba, ana gwada sunaye iri-iri. Na'urori ne masu yawo a intanet suna ƙwanƙwasa duk wata 3389 da suka samu a buɗe. Da NLA a kashe, duk wanda ya ƙwanƙwasa sai saba ta shirya masa shafin shiga tun kafin ta san ko wane ne, nauyin ke nan. Allah ne kawai ya tsare ba su canki wata kalmar ba, da an wayi gari an yi garkuwa da bayanan shagon gaba ɗaya ana neman kuɗin fansa. Na rufe ƙofar, na mayar da NLA da katanga, aka canza duk kalmomin sirri.

Sannan na tambayi abin da ya kamata a tambaya tun ranar farko: yaushe abin ya fara, kuma me aka canza a ranar? Aka ce rawutar reshe. Na je reshen, na kunna VPN, na aika ping da -f -l 1472, ya ƙi wucewa. Na yi ta ragewa, bai wuce ba sai da ya sauko ƙasa da 1400. MTU ne, wato girman saƙon da hanya ke iya ɗauka a tafi ɗaya. Sabon layin ba ya ɗaukar cikakken 1500, ga VPN ya ɗora nasa nauyin a kai. Kamar ƙofar zaure ce: mutum shi kaɗai ya wuce, da dami a ka ya maƙale. Kalmar sirri ƙaramin saƙo ce, tana wucewa. Hoton allo babba ne, sai ya tsaya a hanya. Na rage MTU a kan VPN, hoto ya fito tas. Ko kwabo ba a kashe a kan kaya ba.

Na ce wa Alhaji: "Alhaji, yarinyar nan ba ta da laifi ko ɗaya. Ba ta fasa sikirin ba, ba ta ba kowa kalmar sirri ba." Ya yi shiru, sannan ya ce: "Injiniya, ka tabbata?" Na nuna masa. Aka ɗauko littafinta da ta bari a aljihun tebur aka shigar da cinikin, lissafi ya daidaita. Ya yi salati, ya aika gidansu a ba da haƙuri ta dawo. Mahaifinta ya ce ya yafe, amma 'yarsa ba za ta koma inda aka kira ta ɓarauniya ba. Aikin karatunta kuwa sai da ta sake shi daga farko.

An bar jaki ana dukan taiki. Kwamfutar da ke gaban ma'aikaci hoto kawai take nunawa, aikin yana can a saba. Matsala ko tana na'urar, ko tana hanya, ko tana saba, kuma sai an gwada ake sani. Wanda bai gwada ba kada ya taɓa komai. Kada a hukunta ma'aikaci a kan abin da ba a bincika ba.

Gwajin kuma ba wuya gare shi ba, shi ya sa abin ke ci mini rai. A haɗa laftof ɗin da hotsifot na waya mai wani layin daban. In hoto ya fito, hanya ce. A ɗauko wata kwamfutar a shiga da asusun nan ɗaya. In baƙin allon ya biyo asusun, a koma saba a duba zaman da ya maƙale ko faifan da ya cika. In allo ya yi baƙi a danna Ctrl da Alt da End. Idan shafin ya fito, zaman yana da rai, a buɗe Task Manager a sake tayar da explorer.exe. A gwada kashe UDP a bar TCP kaɗai, domin tun sigar RDP 8.0 Remote Desktop yake amfani da su biyun, kuma wasu layukan waya ba sa jituwa da UDP. Tun fitowar Windows 10 siga ta 1903 akwai baƙin allon da direban WDDM ke jawowa, ana kashe shi a Group Policy. Duk wannan bai kai awa guda ba. Me ya kai mutum ga fomatin?

Kuma don Allah a daina buɗe 3389 ga intanet. Na faɗa, ina sake faɗa. Masu cewa sun mayar da ita 3390 ko wata lamba don su ɓoye, ba su ɓoye komai ba, masu laluben ƙofofi duk suna bi. A watan Mayun 2019 aka bayyana ɓarakar da ake kira BlueKeep, wadda ke ba mutum damar shiga ta RDP ba tare da kalmar sirri ba. Tsananin haɗarinta ya sa Microsoft ta fitar da gyara har ga Windows XP da ta daina kula da ita tun 2014. NLA da yaron nan ya kashe tana cikin abin da ke rage wannan haɗari. Har yau ina shiga ofisoshi in tarar da Windows 7 da Server 2008 ba a taɓa sabunta su ba, ga ƙofa a buɗe. A bi ta VPN ko RD Gateway. In mai gyara ya ce maka ya cire VPN don aiki ya yi sauri, ka sa ya mayar a gabanka.

Haka masu ganin saƙon CredSSP, wanda ya fara addabar mutane bayan sabuntawar Mayun 2018, kada su ruga su sassauta dokar a kan kwamfutar ma'aikaci. Saƙon cewa yake yi sabarka ce ba a sabunta ba. Ita za a sabunta.

Masu shago, ku ma akwai naku. Ku daina ba mutum biyar asusu ɗaya. Wannan ya shiga ya fitar da wancan, sai a ce netwok ne, kuma ranar da kuɗi suka ɓace ba wanda zai san wa ya shigar da me. Lasisin RDS yana da rangwamen kwana 120, ranar da suka cika saba za ta daina karɓar ma'aikata. In wanda ya kafa muku bai faɗa ba, ku tambaya, kuma kada ku yarda a sa muku manhajar satar hanya wadda sabuntawa ɗaya ke rusawa. A sa wa saba da rawuta UPS. Kwamfutar da batirin agogonta ya mutu, wuta na ɗaukewa lokaci ya koma baya, alhali Kerberos ba ya yafe bambancin da ya wuce minti biyar. Ɗan batirin nan CR2032 ya hana ofisoshi da yawa aiki.

Yawan megabit da ke jikin kwalin rawuta ba shi ne ke sa kwamfutar nesa ta yi daɗi ba. Jinkiri da zubewar saƙo su ne abin dubawa. Da jinkiri ya haura milisakan 150, za ka danna harafi ka jira shi ya fito. Kebul ya fi Wi-Fi. Wanda kuma sabarsa ke ƙetare ya tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku na WACS da MainOne da ACE da SAT-3 suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Irin wannan rana ba abin da mai gyara zai yi wa laftof ɗinka, kada ka bari ya taɓa ta.

Rubutu ya ƙanƙance ko ya yi dishi-dishi bayan an jona babban allo? A fita daga asusun gaba ɗaya a sake shiga, ba sai an sayi sabon allo ba.

Ma'aikata, danna X ba fita ba ce. Zamanka yana nan a saba, fayil a buɗe, yana cin wuri, gobe ka dawo ka tarar ya daskare. A fita ta hanyar da ta dace kowace yamma. Kada ka ajiye abinka na kanka a kwamfutar ofis ba kwafi a wani wuri, kuma duk wanda ya ce zai yi fomatin, ya fara kwafe kayanka kana tsaye. In matsala ta zo, ɗauki hoton saƙon da ya fito kafin ka rufe shi, ka rubuta lokacin, ka sanar da mai gida a rubuce tun ranar farko. In ka kira mu kada ka ce "ba ya yi" ka yi shiru. Faɗa mana ko kafin kalmar sirri ya tsaya ko bayanta, ko kai kaɗai ne ko har da na kusa da kai, da abin da aka canza a ofis a makon nan, ko da soket ne.