SANKARAR HANTA: ABIN DA YA KAMATA KOWACE UWA TA SANI

Uwargida, kafin a kira ki awo, tsaya ki karanta wannan, ko ki sa a karanta miki.

ME KE KAWO TA?

Sau da yawa asalinta ƙwayar ciwon hanta ce mai suna Hepatitis B. Uwa tana iya sa wa jaririnta ranar haihuwa, ita kuwa ba ta ma san tana da ita ba. Cikin jarirai 10 da suka kamu a lokacin, wajen 9 za su zauna da ita har girma, tana cin hanta a ɓoye. Gyaɗa da masara masu fumfuna su ma suna da dafin da ke lalata hanta.

IN TA KAI ƘASHIN ƘUGU

Wani lokaci sankara takan bar hanta ta bi jini ta sauka a ƙashin ƙugu. Sai ciwo mai nuƙurƙusa, ya fi tsanani da dare, tafiya ta gagara. Kada a ce sanyi ne, kada a yi sakiya. A kai mara lafiya Babban Asibitin Gumel. Likita ne zai tura shi gaba, inda akwai na'urar gashi, kamar Asibitin Ƙasa na Abuja.

MENE NE GASHI?

Ba wuta ba ce, ba yanka ba ne. Haske ne mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, a saita shi daidai wurin ciwon na 'yan mintoci. Wani sau 1 za a yi masa, wani 5, wani 10. Gashi ba ya raba mutum da cutar, amma yakan rage zafi cikin 'yan makonni, har ya samu barci. Yakan kawo kasala ko zawo na 'yan kwanaki. Wanda aka gasa ba ya cutar da kowa, ku ci abinci tare. Mai ciki ta faɗa wa likita tun kafin a fara.

ABIN DA ZA KI YI

1. Ki haihu a asibiti. A yi wa jariri allurar ciwon hanta cikin awa 24. Kyauta ce, tana cikin riga-kafin yara a Nijeriya tun 2004.
2. In a gida kika haihu, ko a Gagarawa ne ko Sule Tankarkar, kada ki jira suna. A kai shi ran nan.
3. Ki koma da shi a sati 6, da 10, da 14. Ki adana katinsa.
4. Ke da maigida ku yi gwajin jini.
5. Wanzami ya zo da sabuwar reza. Aska ɗaya, yaro ɗaya.
6. Ki shanya gyaɗa ta bushe sarai. In kin sayo a kasuwar Maigatari, ki tsince baƙa da mai ɗaci ki zubar. Kada ta shiga ƙuli-ƙuli ko kunun yaro.

RIGA-KAFI YA FI MAGANI. KI GAYA WA MAƘWABCIYARKI.